Daga sansanin bazara zuwa na hunturu: yadda wata rundunar sikawut a Damagaram ta gyara shekararta

Rundunar da wannan nazari ya shafa tana da yara maza 32, ƴan shekara 12 zuwa 16. Suna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a filin wata makarantar firamare cikin garin Zinder. Shef, wato shugaban runduna, ɗaya ne, malamin makaranta, sai mataimaka biyu ɗaliban jami'a. A takarda an raba yaran rukuni huɗu, takwas-takwas, kowane da jagora da mataimakinsa. A aikace kuwa komai a hannun shef yake. Shi ke tsara wasa, shi ke karɓar kuɗi, shi ke rubuta takardar neman izini, hatta igiyoyi da tukwane a ɗakinsa suke kwana.

Abin da ya tilasta aka zauna don sake tsarin shekara shi ne wani sansani na kwana uku da aka sa a hutun ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. An tafi da mutum 40 da tano huɗu na ruwa, kowane lita 200. Kuɗin da iyaye suka yi alkawari bai kammala shigowa ba sai ana gobe tafiya, saboda haka aka yi cefane a gurguje. Da azahar ɗin rana ta biyu wani yaro ya zo da buta a hannu ya ce, "Shef, ruwa ya ƙare." Aka sayi na amalanke da kuɗin motar komawa, yara biyu suka galabaita da zafi, aka dawo gida da sauran kwana ɗaya. Asabar ɗin da ta biyo baya ko rabin yaran ba su zo ba.

Bayani mafi sauƙi shi ne a ce rashin kuɗi ne, kuma abin da shef ya fara faɗa ke nan. Lissafi bai goyi bayansa ba. Lita 800 ga mutum 40 cikin kwana uku bai kai lita 7 ga kowa a rana ba, a watan da zafi a Damagaram kan kai awo 40 har ya wuce. Ko da an ninka kuɗin, wanda ya yi wannan lissafi tano huɗu zai sake ɗaukowa. Kuma ba don bai san aiki ba. Mutum ɗaya ne ke riƙe da abu ashirin, babu wani yaro ko babba da aka ce masa ruwa a wuyanka yake. Ranar da aka zaɓa, da jagororin da ba a ba su aiki ba, da kuɗin da ya makara, duk daga wannan tushe suka fito.

Ɗora wa yara alhaki ba sabon abu ba ne a harkar sikawut. Sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa harkar, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agustan 1907 yara wajen 20 ne, ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora wa babban yaro a kowane rukuni alhakin sauran. A kan wannan aka gina sikawut, kuma a kansa ƙungiyar sikawut ta Nijar take, wadda ta shiga ƙungiyar sikawut ta duniya a 1996. Runduna da yawa sun riƙe fular, wato ƙyallen wuya, da usur da fareti, sun saki wannan.

Kalandar gari kafin kalandar runduna

Abu na farko da aka yi a zaman Afrilu shi ne zana watanni goma sha biyu a allon aji, aka soke duk lokacin da gari bai yarda a fita ba. Afrilu da Mayu sun fita saboda zafi, kuma lokacin ne ruwan famfo ya fi yin wuya a unguwannin Zinder, ga sanƙarau da ke yawo a rani. Mayu da Yuni manyan yara suna fuskantar jarrabawar ƙarshen kwaleji, babu uban da zai saki ɗansa. Yuli zuwa Satumba hutu ne mai tsawo, amma yara da yawa suna ƙauye wajen noma, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama, kwari yana iya kawo ruwa cikin dare ko ba a ga hadari a kai ba. Azumi da salloli biyu suna matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, dole a duba su sabo duk shekara, kada a kwafi tsarin bara.

Abin da ya rage a allon ba shi da yawa: Oktoba zuwa farkon Maris. A cikinsa hutun ƙarshen Disamba ne kaɗai ya isa sansani mai kwana. Aka sa shi bayan 25 ga wata domin yaran da ke Kirsimeti su samu zuwa, daga safiyar Litinin zuwa safiyar Alhamis. Da haka an kauce wa Juma'a, kuma tunda wurin da aka zaɓa yana kusa da Mirya, kilomita 18 gabas da Zinder, an samu damar sayen albasa, tumatir da itace a kasuwar Lahadi ta can maimakon a yi dakonsu daga gari.

Sauran ranaku aka jera su a kan waɗanda kowa ya riga ya sani. 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai wadda ita ce kuma ranar dashen itatuwa. 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, inda akan nemi sikawut a fareti. 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar wanda ya kafa harkar, ita aka ware wa sababbin shiga su ɗauki alkawari a gaban iyayensu. Tsakanin waɗannan, fitar yini ɗaya sau ɗaya a wata a lokacin sanyi, wadda ba ta cin kuɗin mota: zagayen tsohuwar unguwar Birni da taswirar da yaran za su zana da hannunsu, daga fadar Sarkin Damagaram zuwa ragowar ganuwa, ko tafiyar kilomita 8 zuwa 10 a bayan gari tsakanin duwatsu, a fita bayan asuba a dawo kafin azahar. Watannin zafi ba a rufe runduna ba, an mayar da taro awa ɗaya a inuwa.

Horon jagorori

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne manya suka fi jin wuyar sakin hannu. An kafa majalisar jagorori: jagorori huɗu, mataimakansu huɗu, da shef. Tana zama Asabar ɗin farko ta kowane wata, minti 45 kafin sauran yara su iso, a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi ta filin makaranta. Ɗaya daga cikin yaran ke jagorantar zaman, wani ke rubutu a kaye, wato littafin rubutu. Shef yana da ikon hana abu idan akwai haɗari ko saɓa ƙa'ida, ban da wannan sai ya kame bakinsa. Zama biyu na farko shiru ya fi magana yawa, yaran suna ta kallon fuskar shef suna jiran ya faɗi amsa, domin haka suka saba a aji da gida. Dabarar da ta yi aiki ita ce a daina yi musu tambaya mai faɗi irin "me za mu yi wata mai zuwa", a kawo musu zaɓi biyu ko uku da kuɗin kowane, a ce su yanke, shef ya tashi ya ba su minti goma su kaɗai.

An kuma sake duba yadda ake zaɓen jagora. A da shef ke naɗa wanda ya fi tsawo ko ya fi ƙarfin murya. Irin wannan yakan mayar da rukuni wurin ba da umarni, ƙananan su zama ƴan aike, wani lokaci har da duka. A garin da matasa suka san tsarin fada, wato majalisar samari ta unguwa, da na ƙungiyoyin ƙarfi, yaro ba ya rasa inda zai kwaikwayi shugabancin tsoratarwa. Yanzu rukuni ke zaɓe ta hanyar rubuta suna a ƴar takarda, na shekara ɗaya, jagora ya ɗauki mataimakinsa, kuma an faɗa a fili cewa wanda ya ɗaga hannu a kan yaro ya sauka a ranar.

Horon kansa an yi shi Asabar da Lahadi biyu a watan Nuwamba, mako shida da mako biyar kafin sansani, yara takwas kawai. Shef ya mayar da su rukuni guda, shi ya zama jagoransu, don su ga yadda ake yi da idonsu. Kowane darasi hawa huɗu ne: a nuna, a yi tare, yaro ya yi shi kaɗai, sannan ya koya wa wani. Wanda bai kai hawa na huɗu ba bai iya ba tukuna. Kowane yaro an ba shi igiya mita 2 mai kaurin milimita 6 zuwa 8 wadda aka ƙona bakinta don kada ta warware. Ƙulli huɗu kawai aka koya, da ɗaurin sanda uku da ake rataya tukunya ko bido, wato jarka, a kai. Ƙulli huɗu da yaro zai iya yi a duhu sun fi goma sha biyu da zai manta kafin Asabar.

Agajin gaggawa ya ci rabin yini, wani malamin asibiti daga cikin iyaye ne ya koyar, kuma an tsaya a kan abin da ake gamuwa da shi a nan. Haɓo, wanda hunturu ke kawowa: yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse wuri mai laushi na hanci minti 10 ba saki, ba a ɗaga kai sama. Ƙuna: ruwa mai sanyi mai tsabta minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka. Zawo: ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Saran maciji: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin da ke tsayar da jini, a kwantar da yaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Harbin kunama a jikin ƙaramin yaro shi ma na asibiti ne, ba na jira a ga abin da zai faru ba. Jagora ba likita ba ne. Abin da ake so gare shi shi ne ya san abin da ba a yi, ya kuma san wa zai kira da gudu.

Ranar ƙarshe aka yi gwajin da ya fi kowanne amfani: aka ba kowane jagora da mataimakinsa tukunya, shinkafa kilo 1 da giram 200, wake, mai da itace, aka ce su ciyar da mutum takwas cikin awa ɗaya da rabi. Biyu sun ƙona, ɗaya ya yi caɓi. Gara a ƙona ta a filin makaranta da a ƙona ta a daji yara takwas suna jiran ci.

Manya ma suna da nasu horo. Takardar shef da ake girmamawa ita ce wadda ta bi matakan ƙungiyar ƙasa, kuma an sa kuɗin tura mataimaki ɗaya cikin kasafin shekara. Ƙungiyar duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a 2017, rundunar ta mayar da ita dokoki uku da kowane uba zai gane: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, manya ba sa kwana ɗaki ɗaya da yara, kuma akwai wani daga cikin iyaye da yaro zai iya kai wa ƙara ba tare da ya bi ta hannun shef ba.

Lissafin sansani

An ƙirga baya daga ranar tafiya. Mako goma kafin nan shef da jagorori biyu suka je suka ga wurin da ƙafarsu: wata makarantar ƙauye da ke hutu, mai azuzuwa da ƙofa, rijiyar burtsatse a tafiyar minti kaɗan, da gidan likita a kusa. Kwana a aji ya kashe maganar tanti gaba ɗaya, kuma daren Disamba da iskar hunturu ba na kwanan fili ba ne ga yaron da bargonsa ɗaya. Mako takwas kafin tafiya aka kai takardu: ga daraktan makarantar, ga mai gari, ga ofishin magajin gari, ga jandarma, ga shugabannin sikawut na jiha. Mai gari ba a aika masa takarda kawai, zuwa ake a gaishe shi. Takardar yardar iyaye kuwa an karanta ta da Hausa a taron iyaye, domin sa hannu a kan Faransancin da mutum bai karanta ba ba yarda ba ce. A cikinta ake tambayar ko yaro yana da asma, farfaɗiya ko sikila, da lambar wayar da za a samu da dare.

Ruwa aka fara lissafawa. An ɗauki lita 15 ga mutum a rana, ma'aunin da masu aikin agaji ke ɗauka a matsayin mafi ƙaranci na sha, girki da tsabta. Mutum 40, lita 600 a rana, wato bido 24 masu lita 25. Kwana uku lita 1,800, tano tara. Abin da lissafin Afrilu ya manta shi ne alwala. Buta ɗaya wajen lita ɗaya, sau biyar, mutum 40: tano guda cur kowace rana, kafin a ɗora tukunya. Yanzu kowane rukuni yana karɓar bido biyar da safe, biyu na sha da girki, uku na alwala, wanke-wanke da wanka, kuma akwai yaro ɗaya da sunansa ke kan ruwan. Bidon sha an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, ba a tsoma kofi ciki, tsiyayowa ake. Ƙwayar tsabtace ruwa da aka fi samu ta lita 20 ce, bido kuwa 25 yake ci, saboda haka aka ja layi da fenti a inda 20 ta tsaya, a jefa ƙwaya, a jira minti 30. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ya shiga sansani ko an wanke shi sau goma.

Abinci an auna shi da giram 150 na shinkafa ga mutum a ci ɗaya, kilo 6 ga mutum 40. Ci huɗu na shinkafa kilo 24, buhu ɗaya mai kilo 25 ya isa. Wake kilo 2 a kowane ci. Kunun safe tiya ɗaya ta gero da kilo ɗaya na sukari. Ranar tafiyar ƙasa garin rogo da ƙuli-ƙuli, mai da albasa, wanda ba ya buƙatar wuta. Kowane dare ma'aji yana auna wa rukuni rabonsa na gobe a leda, don kada a cinye na kwana uku a kwana biyu. Itace saye ake. Yaro da adda kusa da gawo rigima ce da ma'aikatan gandun daji da masu gona, kuma ya saɓa wa abin da ake koya masa.

Makewayin makarantar biyu ne, daidai da ƙa'idar ɗaya ga mutum 20. Inda babu, rami ake haƙawa nesa da rijiya da aƙalla mita 30, a kudu maso yammacin sansani tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, a ajiye toka da buta da sabulu a bakinsa. Takalmi rufaffe dole ne saboda ƙarangiya, kuma kowa ya zazzage nasa da safe kafin ya sa ƙafa.

Kuɗi

Kasafi ya zo bayan duk wannan, kuma da gangan. Sai an san bido nawa, buhu nawa, mota zuwa ina, sannan a san abin da ake nema. Jagorori biyu da ma'aji suka shiga Kasuwar Dole da kaye suka rubuto farashin ranar, aka ƙara kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana.

Kuɗin mako dala 20 ne, wato sefa 100. In kowa ya biya, mako 30 na shekarar karatu zai ba da jika 96, wato sefa 96,000. Ba kowa ke biya ba, kuma bai kamata a kori yaro a kan dala 20 ba, don haka aka gina kasafi a kan kashi biyu cikin uku, jika 64. Sai dai daga buɗe makaranta a Oktoba zuwa sansani mako 11 ne kawai, abin da zai taru bai fi jika 23 da ɗoriya ba. Wannan shi ya nuna cewa kuɗin sansanin Disamba tun damina ake nemansa. Jagora ke karɓar kuɗin rukuninsa ya rubuta, ya miƙa wa ma'aji a gaban yara, ma'aji ya sa hannu a kayen jagora. Ma'ajin uba ne daga kwamitin iyaye, ba shef ba. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu da rasit, kuma duk ƙarshen zangon karatu ana rubuta shiga da fita a allo kowa ya gani. Wannan ya fi kare shef fiye da kowa, domin zargin cin kuɗin yara ko ba gaskiya ba ne ba ya wankuwa a unguwa.

Kuɗin sansani da ke kan iyaye an raba shi biya uku, na ƙarshe mako huɗu kafin tafiya, kuma an yarda a biya da hatsi a farashin kasuwa na ranar. Lokacin kaka ne, uban da jika biyu ke yi wa nauyi tiyar gero ko wake ba ta yi masa. Waken aka zuba a buhu mai ciki uku aka ɗaure kowane ciki daban, ƙwari ba su taɓa shi ba. Yaran da gidansu ba hali, shef da ma'aji kaɗai suka san sunansu, asusu ya biya musu.

Majalisa ta duba hanyoyi huɗu na neman ƙari, ta yar da uku. Tambola iyaye da yawa caca suke ɗaukarta, ribarta ba ta kai asarar amincewarsu ba. Bai wa yara kati su bi shaguna da tasha suna neman taimako bara ce da fular a wuya, kuma muna ganin babu runduna da ya kamata ta yi shi. Kiwon ragon layya yana da riba, amma jarin da dusa da harawa za su cinye duk asusun a kan dabba ɗaya da za ta iya mutuwa ko a sace. Aka tsaya a kan renon itatuwa don 3 ga Agusta.

An cika leda 500, yawanci ledojin ruwan sha da yaran suka tsinto suka huda gindinsu, da yashi kashi biyu da taki ruɓaɓɓe kashi ɗaya. Zogale 300, bedi 200, a gidan wani uba mai tankin ruwa, ƙarƙashin rumfar zana. A tsananin zafi suna shan wajen bido huɗu a rana, safe da yamma, rukuni ɗaya kowane mako, an ɗauke wa masu jarrabawa. Kurakurai uku aka yi, kuma duk ana iya kauce musu. An shuka zogale tare da bedi a farkon Mayu, alhali bedi ne ke son wata uku, zogale mako shida zuwa takwas ya ishe shi. Kafin Agusta ya yi tsawo, saiwarsa ta fasa leda ta shiga ƙasa, da aka ɗaga da yawa suka yi yaushi. Maganinsa a shuka shi tsakiyar Yuni, a jera ledoji a kan shimfiɗar roba, a riƙa gusar da su duk mako biyu. Na biyu, irin bedi ba ya jimre ajiya, wanda aka tsinta busasshe a ƙasa da yawa bai tsiro ba, sabo ake so wanda aka wanke ɓawonsa aka shuka cikin ƴan kwanaki. Na uku shi ne kasuwa. A ranar dashe ana raba itatuwan inuwa kyauta a wurare da yawa, makarantu kuma suna rufe, saboda haka bedi bai samu mai saye ba. Zogale ne matan gida da masu lambu suka saya a dala 20 kowane. Abin da aka samu bai kai abin da aka yi fata ba, amma ya biya mota zuwa da dawowa. Bedin yaran suka dasa a filin makarantar da ke ba su wurin taro, kowane da kariyar ƙaya saboda awaki, darakta kuwa ya ba su ɗakin ajiye kaya.

Sai bayan nan aka je wajen ƴan kasuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ya zo da kaye yana nuna abin da yara suka tara da guminsu, ya ce buhun shinkafa ɗaya da bidon mai suka rage, ba a kallonsa kamar wanda ya zo da takarda yana neman "abin da ya sawwaƙa". Kaya aka roƙa, ba kuɗi ba, mutum uku kawai, kuma ma'aji da jagora ɗaya cikin kayan sikawut suka je. Jagoran ne ya yi bayani, bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ga abin da muka tara, ga abin da ya rage mana." Kwamiti ya kuma rubuta cewa ba a karɓar riga ko hula mai alamar jam'iyya ko hoton ɗan takara, komai kyawunta. Mako biyu bayan sansani aka koma wa kowannensu da godiya da takarda shafi ɗaya ta yadda aka kashe.

Sansanin ya yi kwanakinsa uku. Ruwa ya rage bido shida. Rukuni ɗaya ya cinye sukarinsa tun rana ta biyu ya sha kunu salam a ta uku, shef bai ƙara musu ba, sauran rukunai ne suka yanke shawarar ko za su taimaka. An kai yaro ɗaya gidan likita da zazzaɓi, kuɗin ya fito daga kashi ɗaya cikin goman nan. Abin da bai yi kyau ba shi ne barguna: an rubuta a takarda kowa ya zo da nasa, ba wanda ya duba jakunkuna kafin a hau mota, yara biyar da ba su zo da shi ba suka kwana a bargo ɗaya da wasu. An ƙara duba jaka ana gobe tafiya cikin aikin jagora.

Abu biyu suna gaban majalisa yanzu. Mataimakan shef duka biyu za su gama jami'a, mai yiwuwa su bar gari, kuma jagorori uku cikin huɗu za su wuce shekara 16 kafin Oktoba, saboda haka horon Nuwamba mai zuwa na mataimakansu ne, a kuma nemi biyu daga cikin masu fita su zauna a matsayin masu taimaka wa shef. Na biyu, iyaye mata sun nemi a buɗe rukunin ƴan mata. Kwamiti ya amsa cewa za a buɗe idan an samu mata biyu manya da za su yi horo su kuma yarda su kwana a sansani. An samu ɗaya, malama a makarantar da ake taro, ana neman ta biyu kafin 22 ga Fabrairu.